Abin Da Ke Sa Mace Ta Suma A Jirgin Sama

 A wannan mako mun ajiye zancen girki da ɗinki, za mu hau sama. Na san da yawa daga cikinku suna da niyyar sauke farali ko zuwa Umra, wata kuma 'yarta ce ta sami gurbin karatu a Masar ko Ingila, ana nan ana haɗa mata kaya. Wadda ma ba ta da niyyar zuwa ko'ina, ai tana da uwa ko suruka da za ta yi wa rakiya wata rana. Don haka maganar ta shafe mu duka.

Abin da ya jawo zancen shi ne wani al'amari da na gani da idona sa'ad da na raka goggona Umra. Jirginmu na tsakar dare ne, amma don ɗoki tun da azahar muka tare a filin jirgi, muka wuni muna gadin jakunkuna. Da aka tashi, aka raba abinci, aka rage fitilu, kowa ya shiga gyangyaɗi. Mun yi kamar awa uku a sama sai wata dattijuwa da ke zaune a gabanmu ta miƙe za ta kewaya. Taku uku ta yi, sai kawai ta sulale ƙasa a tsakanin kujeru, kamar wanki ya zame daga igiya. Nan take wuri ya ruɗe da salati. 'Yarta ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Wayyo, Inna ta tafi!" Wata ta ce ai iska ce ta buge ta, don ta ga hannunta ya ɗan fizga. Wata ta kama kafaɗunta tana ƙoƙarin zaunar da ita, wata kuma ta buɗe gora za ta ɗura mata ruwa a baki.

Ana cikin haka sai ga wata ma'aikaciyar jirgi, yarinya ce ma, ba ta fi sa'ata ba. Ta roƙi a ja da baya, ta karɓe gorar, ta mai da dattijuwar ta kwantar da ita rigingine. Ta jawo wata jaka ta ɗora ƙafafunta a kai, ta sassauta mata hijabi a wuya, ta kara kunne ta ji numfashi. Ban ƙirga talatin ba sai tsohuwa ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Lafiya kuka taru a kaina? Ina takalmina?" Da aka bincika, ashe rabonta da ruwa tun karin kumallo. Abincin jirgi kuwa ta mai da shi don ba ta saba da irinsa ba, goro kaɗai take ta ci. Da 'yarta ta tambaye ta dalili sai ta ce ba ta son alwalarta ta karye, kuma ita ba ta san yadda ake buɗe ƙofar makewayin nan nasu ba.

Ni dai abin bai zo mini baƙo ba, gama malamar makaranta ta saba da shi. Da wuya zango ya ƙare ba a sami yarinyar da ta faɗi a layin taron safe ba, musamman ran da shugaba ta tsawaita jawabi, rana ta fara zafi, yarinyar kuwa ta fito ba ta karya ba. Ku 'yan makaranta kun san wannan sarai. To, suman layi da suman jirgi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Kada kuma ku zaci mutanenmu kaɗai abin yake samu. A shekarar 2013 wata mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga wani bincike na likitocin Jami'ar Pittsburgh, waɗanda matuƙan jirage ke kira daga sama idan fasinja ya kamu da ciwo. Sun tattara kira 11,920 da suka samu daga kamfanonin jirage biyar tsakanin 2008 da 2010. Suka tarar a kowace tafiya 604 akan sami ɗaya da aka nemi taimakon likita. A cikin dukan cututtukan kuwa suma ce ta zo ta ɗaya, ita da jirin da ya kusa kai mutum ƙasa, da kashi 37 cikin 100. Wahalar numfashi ta biyo da kashi 12, tashin zuciya da amai kusan kashi 10. Waɗanda suka rasu ba su wuce uku cikin 1,000 na marasa lafiyar ba, yawancinsu kuma zuciya ce ta tsaya musu, ba suma irin ta dattijuwarmu ba.

To, mece ce suma? Ba wani abu ba ne illa jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita kaɗai take cinye wajen kashi 20 na oksijin, watau sinadarin da jini ke ɗauko mana daga iskar da muke shaƙa. Ga shi kuma ba ta da rumbu. Abin da ya zo yanzu shi take ci yanzu. Idan jini ya yanke mata na daƙiƙa shida zuwa takwas kawai, sai ta kashe fitila, mutum ya faɗi. Allah kuma ya sa ta a can ƙololuwar jiki, saboda haka kullum sai zuciya ta tura mata jini zuwa sama. Wadda ta taɓa zama a gidan bene ta sani, ran da ruwan famfo ya yi rauni, 'yan sama ne ke fara rasawa, 'yan ƙasa suna ta cika bokiti.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5, mace takan gaza haka kaɗan. Duk sa'ad da kika miƙe tsaye, kamar rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki. Ba kya jin komai, domin nan da nan jijiyoyin jini sukan tsuke, zuciya ta ƙara sauri, a mai da abin da ya gangara. Akwai kuma wani mataimaki da ba a cika yaba masa ba, shi ne naman sharaɓa. Kowane taku kika yi, naman nan yana matse jijiyoyin da ke cikinsa ya tura jini sama, kamar mai tatsar nono. Kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur sun sha wahalar da ba za mu iya ba, wasu shekaru suka yi a hanya, amma sharaɓarsu ba ta taɓa zaman banza ba, ba su kuma wuce rijiya ba su sha ba. Mu kuwa daga Kano zuwa Jidda wajen awa biyar ne, sai dai awa biyar ɗin a takure muke yinsu, gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera yana danne bayan cinya, jaka a ƙarƙashin ƙafa. Jini ya taru a ƙasa ya kwanta. Shi ya sa za ki ga takalmi ya matse ki in an sauka. Mace ta farka daga barci cikin wannan hali ta yi zumbur ta miƙe, jiki bai shirya ba, sai ƙasa.

Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da hanji. Aikinta shi ne rage wa zuciya gudu idan ana hutawa. Amma wani lokaci takan yi azarɓaɓi. Tsoro, ko zafi, ko ciwon ciki, ko tashin zuciya, ko ganin jini, duk suna iya zuga ta, sai ta ja wa zuciya linzami daidai lokacin da ake bukatar sauri, jijiyoyin jini kuma su saki. Irin wannan suma ita ce ta fi yawa a duniya, ita ce kuma ke kayar da lafiyayyun 'yan mata a layi. Tana iya samun mutum yana zaune ma, ba sai ya miƙe ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da jirgin kansa ya ƙara. Manyan jirage suna tafiya a tsayin ƙafa 30,000 zuwa 40,000. A can iska ta yi sakayau ƙwarai, ba mai iya rayuwa da ita. Saboda haka akan jawo iskar waje a matsa ta a cikin jirgi, dabarar da aka fara ɗaukar fasinja da ita tun 1940. Amma ba a matsa ta har ta kai nauyin iskar ƙasa, gama da sai an yi jikin jirgin da kauri da nauyin da ba zai biya ba. Akan tsai da ita daidai da iskar tudu mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Don ku gane, Kano tana kan ƙafa 1,600 ne daga teku, Jos wajen ƙafa 4,000. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, saura kaɗan ya cika ƙafa 8,000. Watau ke da kike zaune a kujera kina shan shayi, huhunki yana aiki kamar an ɗauke ki cikin rabin awa an ɗora a kan wannan dutse. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 sun fi sauƙi, nasu yakan tsaya wajen ƙafa 6,000.

Kun san ɗan abin nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa a asibiti, mai nuna lamba? Yawan oksijin na jini yake aunawa. Ga mai lafiya a ƙasa yakan nuna 97 ko 98. A cikin jirgi yakan sauka zuwa 93, wani ma 90, ya ƙara sauka in mutum ya yi barci. Lafiyayye ba zai ko lura ba. Amma wadda da ma jininta bai cika ba, ko mai ciwon huhu ko zuciya, wannan ɗan ragin yana iya zama tsinken da ya cika mata kaya. Ban da haka iskar jirgi busasshiya ce, danshinta kashi 10 zuwa 20 ne cikin 100, kamar tsakiyar hunturu a Katsina, shi ya sa leɓe ke tsagewa, hanci ya bushe. Gaskiya dai bushewar iskar ita kaɗai ba ta ƙarar da ruwan jiki. Mu ne muke ƙarar da shi da kanmu, tun kafin mu taka matakalar jirgi.

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne laifinmu yake. Ku duba yadda mace ke shirin tafiya. Kwana biyu tana sallama da dangi, ba ta yi barcin kirki ba. Ran tafiya ta tashi da asuba, ta shiga mota, ta tsaya a layi da kaya, ga zafi, ga hijabi a kan mayafi a kan riga, gumi yana ta zuba. Sa'an nan ta yanke wa kanta hukunci cewa ba za ta sha ruwa ba, don kada fitsari ya kama ta a jirgi ta ratsa tsakanin maza ana kallonta. Wata kuwa namiji ne a kujerar gefenta, ta gwammace ta mutu da ƙishirwa da ta ce, "Malam, ɗan ba ni hanya." Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka raine mu. Amma wace kunya ce ta fi, ki ce a ba ki hanya, ko a same ki kwance a tsakiyar jirgi, ƙafafunki a sama, fasinja ɗari uku suna leƙe? Ruwa shi ne fiye da rabin jini. In ya ragu, jinin ya ragu, famfon nan da muka ambata ya yi rauni.

Zancen alwala kuwa, ku tambayi malamai, za su gaya muku addini bai ɗora wa kowa cutar da kansa ba. Alwala in ta karye ana sake wata, matafiyi kuma an yi masa rangwame a salla da azumi. Masu zuwa Umra a watan Ramadan su riƙe wannan da kyau, musamman tsofaffi da masu shan magani. Wadda ta ga za ta iya azuminta a hanya, to, ta cika cikinta da ruwa a sahur, ta kuma san in jiri ya zo mata tana da izinin sha ta rama daga baya.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku. In za ki raka kakarki, ko kina cikin masu kai ta filin jirgi, ki zaunar da ita tun a gida ki kwatanta mata makewayin jirgi: ana tura ƙofar ta naɗe, ana jan sakata fitila ta kama, akwai maɓallin da ake dannawa ruwa ya tafi da ƙara mai firgitarwa amma ba ya cutarwa. Ki sa mata ƙaramar gorar roba a jaka ta zama buta. Ki roƙa mata kujerar bakin hanya wajen masu ba da tikiti, don ta tashi ba sai ta tsallake kowa ba. Ku sani masu bincike a yawancin filayen jirgi ba sa barin a wuce da ruwan da ya fi mililita 100 a mazubi ɗaya, saboda haka a sha a ƙoshi kafin a isa wurinsu, a wuce da gorar ba komai, a cika ta a ciki. A jirgi kuma ruwa ba roƙo ba ne, haƙƙinki ne. Ki danna ƙararrawar da ke saman kanki ki nema, ko sau nawa ne. Kofi ɗaya a kowace awa ba ya yawa.

Yunwa ita ma tana da nata rabon. Wadda ta san ba za ta iya cin abincin jirgi ba ta riƙe dabino, ko biskit, ko gurasa. Sai dai kada a cika ciki da wake ko kabeji ko lemon kwalba mai gas kafin tashi, gama iskar da ke cikin hanji takan kumbura da kusan kashi 30 cikin 100 idan jirgi ya yi sama, ciki ya murɗa, murɗar kuwa tana zuga jijiyar nan mai azarɓaɓi. Masu shan barasa su ma suna cikin waɗanda suka fi faɗuwa a jirgi, amma wannan ba sai na tsaya a kansa ba.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita tun ana sauran makonni. Ta farko ita ce mai ƙarancin jini, mu mata kuwa mu ne gidansa, saboda al'ada, da haihuwa a kai a kai, da zazzaɓin cizon sauro. In kina haki idan kin hau matakala, ko cikin fatar idonki ya yi fari, ki je a auna jininki, a ba ki magani tun da sauran lokaci, don jini ba ya cika a kwana biyu. Masu sikila su ma haka. Ƙarancin oksijin da ƙishirwa da sanyin jirgi, dukansu abokan gabarsu ne, suna iya tayar da ciwon. Akan shawarce su kada su hau jirgi sai an yi wajen kwana goma da lafawar ciwo, wasu ma sai an tanadar musu oksijin. Mai juna biyu jijiyoyinta a sake suke tun farkon ciki, jiri ba ya mata wuya. Yawancin kamfanoni suna ɗaukar ta har mako 36, in tagwaye ne mako 32, kuma daga mako 28 da yawansu sukan nemi takardar likita.

Mai hawan jini ta sha maganinta yadda aka tsara mata, kada ta ƙara don fargabar tafiya, ta kuma sani wasu magungunan, musamman masu sa fitsari, suna sa jiri in an miƙe da sauri. Mai ciwon suga da ta yi allura ko ta sha ƙwaya sa'an nan abinci ya yi jinkiri, suganta na iya faɗuwa, ta yi gumi, hannu ya yi rawa, magana ta rikice. Ta riƙe alewa ko dabino a jikinta, magungunanta kuma su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da aka sa a cikin jirgi ba. Ta tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Maganin barci kuwa, wanda wasu ke karɓa wajen ƙawaye don kada su ji tashin jirgi, ni dai ban ga amfaninsa ba. Yana sa mace ta yi awa huɗu ba motsi, ta farka a jirkice, ta miƙe.

Tsoro ma yana da hanyarsa daban. Wadda ba ta taɓa hawa ba, in jirgi ya shiga gargada sai ta kama numfashi da sauri-sauri ba ta sani ba. Yawan fitar da numfashi yana tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yatsu da gefen baki su yi tsam-tsam, kai ya yi fayau. Maganinsa a riƙe hannunta, a yi ta numfashi tare da ita a hankali, a ja ta hanci, a saki ta baki sannu sannu.

Alhamdu lillahi, suma ba ta cika zuwa ba sallama ba. Za ki ji zafi ya taso miki, gumi mai sanyi ya karyo, zuciya ta tashi, hamma ta yi yawa, kunne ya yi ƙara, muryoyin mutane su yi nisa, gani ya fara duhu daga gefe. Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne tashi a nufi makewayi don a wanke fuska ko a yi amai a ɓoye. Kada ki tashi. Ki taɓa na kusa da ke ki ce ba kya jin daɗi, ki danna ƙararrawa. Ki sunkuyar da kai zuwa gwiwa iyakar iyawarki, ki harɗe ƙafafu ki matse cinya da sharaɓa da ƙarfi, ki dunƙule hannu. Wannan yana tura jini sama, sau da yawa ma yakan kore suman gaba ɗaya. In a tsaye abin ya same ki, ki zauna a ƙasa nan inda kike, kada ki ce sai kin kai kujera. Tun kafin a kai ga haka ma, ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga dunduniya kina saukewa, ki tashi ki ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu in an kashe alamar ɗamara. In kin farka daga barci ki yi minti guda kina motsa ƙafa kafin ki miƙe, ki miƙe kina dafe da kujera.

In kuwa wata ce ta faɗi a gabanki, ki tuna faɗuwar ita ce maganin da jiki ya nema wa kansa. Da kai ya zo daidai da zuciya, jini ya koma. Saboda haka mai ɗaga ta ta zaunar, ko da kyakkyawar niyya, mai da ta take yi cikin suma. Wadda ta suma a kujera ɗaure da ɗamara ta fi ban tausayi, don ba ta da inda za ta faɗi. Sai a kwance ta, a kwantar da ita a kan kujerun ko a ƙasa. A ɗaga ƙafafu, a sassauta wuya da ɗaurin zane, a ba ta iska, wata ta rufa mata mayafi a ƙafa don sutura. Mai tsohon ciki ko mai amai a kwantar da ita ta gefen hagu. Tsumma mai sanyi a goshi ba laifi. Amma kada a ɗura mata ruwa, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, gama wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan huhu zai tafi. Sai ta farfaɗo sarai ta yi magana sa'an nan a ba ta ta kurɓa da kanta, ta kuma ci gaba da kwanciya kamar minti goma sha biyar. 'Yar fizgar hannu ko ƙafa da akan gani ta 'yan daƙiƙu abu ne sananne a suma, ba iska ba ce, ba kuma lalle farfaɗiya ba. Mai farfaɗiya takan daɗe tana jijjiga, takan ciji gefen harshe, in ta tashi kuma takan jima ba ta san inda take ba. Mai suma kuwa nan da nan take gane mutane, kamar dattijuwarmu mai neman takalmi.

Amma fa ba kowace suma ce ta ƙishirwa ba, kuma ba na so ku tashi daga wannan fili kuna ganin abin wasa ne. In mace ta faɗi ba wata alama da ta gabata, ko ta ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba daidai ba kafin ta faɗi, ko ta farfaɗo tana haki, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko aka yi minti biyu ba ta dawo ba, to, wannan babbar magana ce. Haka nan mai ƙaramin ciki da ta suma tana ciwon mara ko zubar jini. A gaya wa ma'aikata kome da kome, har magungunan da take sha, kada a ɓoye ciki don kunya. Suna da oksijin da akwatin magani, an koya musu danna ƙirji in numfashi ya tsaya, jirage da yawa suna ɗauke da na'urar tayar da zuciya, matuƙi kuma yana iya sauka a gari mafi kusa. A binciken nan na Amurka an yi haka a wajen kashi 7 cikin 100 na kiran da aka yi.

Ɗaya daga cikin masu haɗarin ma takan jira sai an sauka. Doguwar zama tana iya sa jini ya daskare ya yi guda a jijiyar ƙafa. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yakan yi haki, ƙirji ya soke, ya faɗi, wani a filin jirgi, wani bayan kwanaki a masauki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka wannan haɗari sau biyu, ko da yake duk da haka bai wuce mutum ɗaya cikin 6,000 ba. Masu ciki, da masu jego, da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da masu ƙiba, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, su suka fi kusa da shi, su tambayi likita ko ya kamata su sa safar nan mai matse ƙafa. Kumburin ƙafa biyu bayan tafiya ba abin damuwa ba ne, yakan saɓe da kansa. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sharaɓa ta yi zafi tana ciwo, kada a kira mai tausa, kada a gasa da ruwan zafi. A nufi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita an yi doguwar tafiya. Ko wadda ta yi 'yar suma ta warware sarai, in ta manyanta ko tana da wani ciwo, ta je a duba ta bayan an sauka.

Dattijuwar nan mun sake haɗuwa da ita a Madina, a harabar masallaci, garau da ita har tana riga 'yarta sauri. A hanyar dawowa kuma jirgi ɗaya muka shiga. Na hango ta a kujerar bakin hanya, gora a cinya, sau biyu tana tashi ta kewaya, har ita ce ta nuna wa goggona yadda ake jan sakatar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.